Mun Rasa Kawu

Litinin, kwana na uku da tashin rikici

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aikin asibiti? Ni ma lafiyata ƙalau, in dai lafiya ita ce hannu biyu da ƙafa biyu suna nan inda aka bar su.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Hukuma ta yanke layukan waya tun ranar Asabar, wai don kada jita-jita ta yaɗu. Jita-jitar kuwa ko a jikinta, dama can da ƙafa ta saba tafiya. Direba, maƙwabcinmu mai farar bas, zai fita da mutane yau, shi zai miƙa miki wannan a ƙofar asibitinku.

Na san kin ji a rediyo garinmu ya sake kamawa. Ga yadda aka fara. Ranar Alhamis katafila ta rushe rumfunan bakin gada. Wa'adin wata uku aka ba masu su, aka zo a kwana na tara. Washegari suka zo tsintar katako da kwanon rufi, wani ma'aikaci ya mari wani tsoho mai ɗinkin takalma. Kafin azahar marin ya zama duka, kafin la'asar dukan ya zama kisa, da safiyar Asabar kuma kowa ya san 'yan unguwar tudu ne suka kashe shi saboda ɗan unguwar gangare ne. Jiya na ga tsohon da idona a ƙofar gidansu, kumatu a kumbure, yana tambayar mutane wai wa aka kashe ne ake wannan ɓarna.

Kin tuna na wancan karon, shekara sha tara da suka wuce, a layin famfo aka fara, a kan bokitin wa ke gaba. Shekara huɗu na yi a jami'a ina rubuta kundi a kan bokitin nan, shafi ɗari uku da ashirin. Na jero dalilai: samari da ba aiki, unguwannin da ba ruwa, manyan da ke tuna talaka ranar da suke neman mai jifa. Aka ba ni digiri, aka tafa min, aka kuma ba ni aji in koyar. A babin ƙarshe na rubuta cewa da wuya a sake, domin gari ya ɗanɗana ya ji. To ranar Asabar ina bayan labule ina kallon wani ɗalibina, wanda ya fi kowa maki a darasin nan, yana gudu da keken ɗinki a ka. Ya gan ni, Yaya. Ya so ya gaishe ni, hannuwan ne ba sarari.

Layinmu dai ga shi nan. Kantin magani ya ƙone ƙurmus. Mai Faci ya tsira da rumfarsa, tayoyinsa ne aka kwashe aka ƙona a tsakiyar titi. Gidan Malamar Lissafi ba kowa, sun bar tukunya a kan risho da takalmi wari ɗaya a bakin ƙofa. Barkonon tsohuwa ya kama labule da matasai, in na zauna sai in ga ina kuka ban yi niyya ba. Shagon agogon Kawu kuwa babu abin da ya same shi, tunda an gama da shi tun wancan karon. Wuta ba ta cin toka.

Ina ta kewaye-kewaye, na sani. Ai shi ya sa Kawu ya laƙaba min Lauya tun da ya ɗauko ni bayan rasuwar Inna, ya haɗa ni da ku ya riƙe. Wai ko ruwa nake so, sai na kawo hujja uku kafin in roƙa.

Ga Direba can yana danna oda, mutane sun cika motar har kan injin. Yaya, ki yi haƙuri, ki ƙarfafa zuciyarki. Mun rasa Kawu ranar Asabar. Ba zan iya rubuta sauran yanzu ba. Gobe ko jibi zan aiko da cikakken bayani.

Ƙanwarki,
Lauya


Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Lafiyata lau, sai ƙafa da ta yi bororo saboda yawo. An rufe hanya bayan fitar Direba, don haka wannan ta biyo wani abokin aikina, malamin kimiyya, wanda ya samo takardar sojoji zai fitar da matarsa.

Ga bayanin da na yi alkawari. Ranar Asabar da safe Kawu ya yi abin da yake yi kullum shekara sha tara. Ya sa shuɗiyar rigar nan mai aljihu biyu, gilashinsa na ido ɗaya a wannan aljihun, ɗan sukudireba a wancan, zai je ya zauna a dandamalin ƙonannen shagon har azahar, kada ƙaninki Ƙararrawa ya dawo ya tarar ba kowa. Na tare ƙofa. Na ce Kawu, ba ka jin harbi? Ya ce, "Lauya, ai yau ce ta fi kamata in je. A irin wannan ranar ya fita, a irinta zai dawo." Na kawo hujjojina uku. Ya saurara tsaf har na gama, ya ce, "An ɗage shari'a," ya zare hannuna daga jikin ƙofa ya wuce.

Ban bi shi ba. Duk wanda ya tambaye ni ina cewa na koma neman takalmi ne. Ke dai bari in faɗa miki, takalmin yana ƙafata. Tsoro ne.

Tun daga ranar ba mu gan shi ba. Na je asibiti uku, a awa biyun da ake sassauta dokar hana fita. Na je wurin 'yan sanda. Wanda ke kan tebur ya ce ɗan tudu ne ko ɗan gangare. Na ce mai gyaran agogo ne. Ya duba fom ɗinsa sama da ƙasa ya ce babu gurbin wannan. Na je ɗakin ajiye gawa sau biyu. Mai tsaron wurin mutum ne mai ladabi, yana ɗaga min mayafi ɗaya bayan ɗaya kamar mai kanti yana nuna yadi, in na girgiza kai ya ce, "To ko wannan, Malama?" Na ga mutum uku da na sani. Kawu ba ya ciki.

Sai yau da safe Mai Faci ya fito daga inda ya ɓuya, ya ce ya gan shi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na Asabar wata babbar mota ta tsaya a bakin gada tana kwasar waɗanda suka ji rauni. Kawu ko ƙwarzane ba shi da shi, amma ya kama ƙarfen motar yana ƙoƙarin hawa. Mai Faci ya ce masa, "Baba, ina za ka, kai da ba ka ji ciwo ba?" Ya waiwayo ya ce, "Wancan karon ban hau ba." Wani ya miƙo hannu ya ja shi ciki.

Kin san maganar. Wancan karon an zo an ce masa an ga ana saka Ƙararrawa a mota, shi kuwa yana riƙe da bokiti yana watsa wa shago ruwa, ya ce yana zuwa. Kafin ya je mota ta tashi. Shekara sha tara yana tsaye a bakin gadar nan a ransa, ranar Asabar mota ta dawo.

Yanzu ga inda kika shigo. Asibitocinmu sun cika tun ranar farko, don haka motocin garinku suka nufa. An ce ana sauke masu ƙaramin rauni a filin wata makaranta, masu babba a kai su asibitinku. Ki duba, Yaya. Gado-gado, tabarma-tabarma. Ba shi da wata takarda a jikinsa, kuma tun bara in ya ruɗe sunansa kan ɓace masa, sai ya yi ta murmushi yana duba wuyan hannun mutane. Shuɗiyar riga, gilashi a aljihu. Ya rame fiye da yadda kika san shi.

Maganin zuciyarsa yana nan a kan tebur, a akwatin nan mai ramin kowace rana. Ramin Asabar ne kaɗai babu komai. Ina zaune ina kallon Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, duk a cike. Kwana biyu in ya yi bai sha ba ƙafafunsa ke fara kumbura. Kwana nawa zai iya yi gaba ɗaya, kin fi ni sani, kuma kada ki faɗa min.

Ke ce nas, ke ce a wurin. Allah ya sa kafin wannan ta iso ma kin riga kin yi karo da shi.

Lauya


Alhamis

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Yara lafiya, babansu lafiya. Ni kuwa ga ni nan.

Takardarki ta Litinin ta same ni ranar Talata da rana, ina canza zanen gado. Na karanta a tsaye. Ina dariyar ɗalibinki mai keken ɗinki, sai na kai layin ƙarshe. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ya huta.

Babbar sista ta ba ni hutun mako ɗaya, duk da ɗakin maza da nake aiki ya cika da mutanenku har ƙasa, kuma an ce tun jiya an fara kawo na filin makaranta waɗanda jiki ya ƙi. Ta ce ba ta da hannu, amma mutuwar uba ba a yi mata gardama. Ni ma na ce mata ko ta hana ni ba zan iya ba. Ba zan iya kallon fuskar wani tsoho a gado yanzu ba.

Gidan a cike yake. Abokan aiki suna zuwa gaisuwa in sun tashi, da warin asibiti a jikinsu. Jiya ɗaya ta fara ba ni labarin sababbin da aka kawo, na ce don Allah ta bari.

Lauya, zan faɗa miki abin da ke raina, in kin so ki ji haushi. Shafi biyu kika yi a kan bokiti da katafila, ubana kuma layi ɗaya. Ni ba ɗalibarki ba ce. Harsashi ne? Zuciyar ce? A titi ko a gida? Akwai wani a kusa da shi? Ya yi magana? Wa ya yi masa sutura, a ina aka sa shi? Na tambayi Direba, ya ce shi bai san komai ba, tun Asabar yana ɓoye a gareji da motarsa, takarda kawai kika miƙa masa ta taga. Hanya ta rufe shi a nan, sai jibi ake cewa za a buɗe, shi zai kawo miki wannan.

Shekara sha ɗaya ban taka gidan nan ba. Kin san dalili, kina wurin. Na ce wa Baba ya saka sakatar ƙofar nan ya biyo ni, mamaci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce, "Daƙiƙa, tafi da agogonki, nawa daban yake tafiya." Na tafi. Kullum ina cewa in hutu ya zo, in yara sun ƙara girma, in garin ya daina ba ni tsoro. Ni ko bas ta bi ta kan wata gada sai na rufe ido, har yau. Na ɗauka ina da lokaci, 'yar mai gyaran agogo.

Yanzu babu sauran mai ce min Daƙiƙa a duniya. A nan ko baban yara bai san sunan ba. Jiya na shiga banɗaki na faɗe shi da ƙarfi don in ji.

Abu ɗaya ne nake riƙewa. Wannan karon akwai kabari. An san inda yake, an san ranar. Na gode wa Allah da bai bar mana wata ƙofar a buɗe ba, don ba zan iya ta biyu ba.

Ki rubuto min komai, ba tare da hujja uku ba.

Yayarki


Lahadi, da safe

Yaya,

Ba gaisuwa yau. Kawu bai rasu ba. Ban ce ya rasu ba. Cewa na yi mun rasa shi, ba mu gan shi ba, ya ɓata, kuma ina kyautata zaton yana garinku, watakila a asibitinku. Ki ajiye takardar nan ki sa takalmi. In kina son sauran ki karanta a hanya.

Jiya da yamma takardu biyu suka shigo hannuna cikin awa ɗaya. Direba ya kawo taki. Ina tsaka da karanta ta malamin kimiyya ya yi sallama, ya miƙo min tawa ta ranar Laraba, ko buɗe ta ba a yi ba. Sojoji sun maido shi daga shinge na biyu, takardar ta kwana uku a jakarsa. Ya ba ni haƙuri sosai, ya ce yana fatan ba abin gaggawa ba ne. Na ce a'a. Ga ta nan na haɗo miki, da akwatin maganin.

Na zauna na sake karanta layin nan a raina da idonki. "Ki yi haƙuri, ki ƙarfafa zuciyarki, mun rasa Kawu." Ko ni aka aiko wa daga wani gida, abin da zan fahimta ke nan. Duk duniya in an ce an rasa mutum an san me ake nufi. Gida ɗaya ne tak a garin nan da kalmar ba ta nufin haka, kuma a cikinsa nake kwana nake tashi.

Kin tuna wancan karon ni ce mai rubuta wa Kawu wasiƙun dangi, don rubutuna ya fi naki kyau. Ya ce in rubuta, "Mun rasa Ƙararrawa." Na rubuta guda tara. Bayan mako dangi suka cika gidan da ta'aziyya. Ya fito ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wa ya ce muku ya rasu? Rasa na ce. Wasali ɗaya ne tsakani, kuma a cikin wasalin nan ɗana yake zaune. Kowa ya ɗauki takalminsa." Tun daga ranar a gidan nan rasa daban, rasu daban. In na kuskure a kan ko makulli ne sai ya gyara min. Shekara sha tara ina jin wannan, ina yi masa dariya a ɓoye, har na sa shi a kundina a matsayin misalin yadda tarzoma ke taɓa tunanin waɗanda suka tsira. Ashe ina rubuta shi, shi kuma yana koya min harshensa. Ke kin tafi kin koma maganar mutane. Ni na zauna na manta akwai ta.

Ni da nake rage wa ɗalibi maki a kan waƙafi. Kalma ɗaya kawai zan ƙara, in ce ya ɓata. Na ɓata shafi biyu ina nuna miki ina da wayo, Direba yana oda, na bar abin da ya fi komai ga layin da ba sarari.

Kin ce an fara kawo na filin makaranta ranar Laraba. Kin ce ɗakin maza. Kin ce wata ta fara ba ki labari kin hana ta. Na karanta wurin nan sau goma. Yau kwanansa takwas babu magani. Ki zage ni daga baya, zan tsaya in saurara ba tare da na kare kaina ba.

Shuɗiyar riga. Ki duba ƙafafu.

Lauya


Talata

Lauya,

Na gaishe ki. Muna lafiya.

Direba ya iso jiya da hantsi. Na karanta layi uku na farko na fita, na bar mata biyu a falo da suka zo gaisuwa.

Akwai agogon bango a ɗakinmu na asibiti, sama da teburin nas-nas. Shekara biyu ke nan yana kan ƙarfe huɗu da minti ashirin. An canza batir ya ƙi, an rubuta takarda a kawo sabo ba a kawo ba, muka saba. Ina shiga na ɗaga kai na ga yana tafiya, kuma daidai da na hannuna. Ban tambayi kowa komai ba tukuna, amma na riga na sani.

Gado na sha ɗaya. Gadona ne, a layin da nake dubawa. Ranar Laraba aka kawo shi daga filin makaranta, washegarin ranar da na tafi hutu. An rubuta a katinsa, "Ba suna, kimanin shekara saba'in." Sun ga tsoho ya galabaita, ya kwana huɗu a fili, leɓe a bushe, sai suka sa masa ƙarin ruwa. Leda bayan leda. Ba laifinsu ba ne, mutum saba'in a ɗakin mutum talatin, nas biyu. Amma zuciya irin tasa ba ta ɗaukar ruwa, huhu yake cikawa. Da ina nan, kallo ɗaya zan yi wa ƙafarsa in cire allurar, ko da ba ubana ba ne.

Wadda na hana ta magana ita ta zaunar da ni ta ƙarasa labarin. Ta ce tsoho ne mai ban dariya. Ranar Alhamis ya sa mai shara ta sauko masa da agogon, ya manna gilashi a ido, ya kankare tsatsa da bakin allura, ya ce a mayar. Duk ɗakin suka tafa masa. Ranar Juma'a ya roƙa a riƙe shi a zagaya da shi gado-gado, yana leƙa fuskar kowa, wai yana neman yaro ɗan shekara sha bakwai. Ta ce masa ba yara a nan, Baba. Ya tsaya ya yi lissafi da yatsu ya ce, "To, talatin da shida."

Ta ce kuma kullum in nas ta wuce sai ya kama gefen rigarta ya ce, "Ina Daƙiƙa?" Su kuma sai su nuna masa agogon da ya gyara, su ce ga ta can tana tafiya, Baba, ƙarfe kaza da minti kaza. Sai ya ce, "A'a, tawa. A nan take aiki." Suka ɗauka ruɗewa ce. Har sun mayar da abin wasa, in ɗaya ta makara sai a ce ina daƙiƙa.

Ni kuwa ina gida a kan kujera, tafiyar minti ashirin, mutane suna shigowa suna cewa Allah ya jiƙansa ina cewa amin. Waɗanda suka sa masa ruwan da safe su ne suke zuwa min gaisuwarsa da yamma.

Ranar Lahadi da safe, wajen ƙarfe tara, numfashi ya ƙi. Lokacin kina rubuta min in sa takalmi.

Ba a kai ga binne shi da marasa suna ba, na same shi. Ni na yi masa komai da hannuna, ni da baban yara muka raka shi jiya da yamma. Na karɓi katin na soke "Ba suna" na rubuta sunansa cikakke. Gilashin da sukudireban suna wurina.

Kin ce in zage ki. Na nema a raina ban samu ba. Ke wasali ɗaya kika bari. Ni shekara sha ɗaya.

Baba ya rasu, Lauya. Na duba yadda na rubuta shi sau uku.

Yayarki


Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki, ina yi mana ta'aziyya. Allah ya jiƙan Kawu. Lafiyata ƙalau, kuma na fara jin kunyar rubuta hakan.

An maido da waya jiya. Na ɗauko lambarki sau da yawa na ajiye. A takarda na yi ɓarnar, bari in ƙarasa a takarda.

Gari ya lafa. An share titi, an fara fenti a bakin gada. Masu bas sun ja sabon layi, 'yan tudu su sauka kafin gada, 'yan gangare su hau bayanta. Wancan karon a famfo layin yake, yanzu ya matso da titi biyu. Malamar Lissafi ta aiko a ɗaukar mata kaya, ba za ta dawo ba. Tsoho mai ɗinkin takalma ya warke, yana neman inda zai kafa rumfa.

An kafa kwamitin bincike, kamar wancan karon, a ɗakin taro ɗaya, har labulen bai canza ba. Sun gayyace ni a matsayin masaniya. Shugaban ya ce ya karanta kundina, ya ce in taimaka musu su gano musabbabi. Na ce yana shafi na arba'in, su canza bokiti su sa katafila.

Sun ba ni fom mai gida biyu, waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata. Na tambayi sakatare ina za a sa Kawu. Ya ce mutumin da ya cika a gadon asibiti a wani gari, ba harsashi ba sara, ba ya cikin lissafinsu. Na ce gaskiya ne, ba na wannan tarzomar ba ne. Na waccan ne, ya daɗe bai faɗi ba kawai. Na ari rularsa na ja gida na uku, na rubuta a kai, waɗanda aka rasa. Na sa Ƙararrawa. Sakataren ya ce ai ɗaya ne da na farko, Malama. Na ce masa wasali ɗaya ne tsakani, na ji muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Ki riƙe gilashin. Sukudireban ki kawo min da kanki, ban yarda a aiko ba. Direba ya ce in kin biyo shi zai zaga ta bayan kasuwa, ba sai an hau gada ba.

Jiya da yamma na kai hannu zan saka sakatar ƙofa, karon farko a shekara sha tara. Tsatsa ta riƙe ta. Akwai mai a kwalbar Kawu, ɗigo biyu zai isa. Na ɗauko kwalbar, na tsaya, na mayar da ita inda take.

Ki zo, Daƙiƙa. A buɗe take.

Ƙanwarki,
Lauya